Idan Foldar Uwar Garke Ta Ƙi Ɗauruwa Ko Ta Ƙi Kwancewa a Linux: Yadda Ake Bin Sawun Matsalar

Foldar da ke kan uwar garke, wadda kwamfutocin ofis ke buɗewa kamar tasu, rigimarta ba ta wuce kala uku ba. Ko a kunna kwamfuta a tarar da foldar wayam, ko ta ɗauru ta ƙi sauka bayan an gama aiki, ko kuma uwar garken ta ɓace daga layi ta bar kwamfutar a sandare, ko `ls` aka buga ba ya dawowa. A nan ɗaurawa ita ce aikin umarnin `mount`, kwancewa kuma aikin `umount`. Misalan na Linux ne mai systemd, manhajar da ke tada ayyukan tsarin tana kula da su, irin su Debian, Ubuntu da Fedora. Mu ɗauka uwar garken sunanta `rumbu`, adireshinta 192.168.1.20, kuma ana ɗaura foldarta a `/mnt/takardu`.

Yawancin lokacin da ake ɓatawa a wannan aiki yana tafiya ne wajen tuhumar autofs, manhajar da ke ɗaura folda da kanta, ko systemd alhali ba ruwansu. Su 'yan aike ne kawai: da wani ya taɓa foldar, sai su kira `mount` ɗin nan da kai ma kake iya kira da hannunka. Abin da ya ƙi ɗauruwa da hannu ba zai ɗauru da kansa ba, don haka daga ƙasa za a fara.

Mataki na 1: ana isa rumbun kuwa?

```
getent hosts rumbu
nc -zv rumbu 2049
nc -zv rumbu 445
```

Na farko yana nuna ko sunan yana komawa adireshi, sauran biyun kuma suna gwada ko ƙofofin rumbun a buɗe suke. Ƙofa ta 2049 ta NFS ce, yarjejeniyar raba folda da aka saba da ita a Linux, ta 445 kuma ta SMB, wato yarjejeniyar Windows da Samba da Linux ke ɗaurawa da sunan `cifs`. NFS na 4 ƙofa ɗayan nan ta ishe shi. Na 3 kuwa yana neman rpcbind a ƙofa ta 111 da kuma mountd, wanda lambar ƙofarsa kan canja idan ba a kafa ta ba. `rpcinfo -p rumbu` zai nuna inda take. Kada `showmount -e rumbu` ya ruɗe ka: da mountd yake magana, don haka uwar garken da NFS na 4 kaɗai take yi tana iya ƙin amsa masa alhali lafiyarta ƙalau. Na SMB, `smbclient -L //rumbu -U sunanka` zai jero foldojin da aka raba.

Uwar garke tana buƙatar adireshi kafaffe. Idan DHCP, mai raba adireshi kai tsaye, ne ke ba ta, wata rana za a ɗauke wuta, a dawo da ita, ta tashi da sabon adireshi. Suna mai ƙarewa da `.local` kuma ya dogara ne da Avahi, wanda ba lallai ya farka ba a lokacin da ake neman foldar. Layi ɗaya a `/etc/hosts` ya raba gardama.

Mataki na 2: ɗaura da hannu, ka karanta ƙorafin

```
sudo mkdir -p /mnt/gwaji
sudo mount -v -t nfs rumbu:/srv/takardu /mnt/gwaji
sudo mount -v -t cifs //rumbu/takardu /mnt/gwaji -o credentials=/root/.sirrin-rumbu
sudo dmesg | tail -20
```

Ka zaɓi wanda ya shafe ka cikin umarnin `mount` biyun. Saƙon da `mount` ke bayarwa gajere ne, cikakken dalilin yana cikin `dmesg`.

Idan ya ce `wrong fs type, bad option`, ko ya ambaci `helper program`, galibi kayan aikin ne babu: `cifs-utils` don SMB, `nfs-common` a Debian da Ubuntu, `nfs-utils` a Fedora da Red Hat.

`mount error(13): Permission denied` a cifs maganar shaidar shiga ce. Fayil ɗin sirri layi uku ne, `username=`, `password=` da `domain=` idan akwai, ba fili kafin alamar daidai ko bayanta, mallakar root, izininsa 600. Abin da ya fi kayar da mutane shi ne fayil ɗin da aka rubuta a Windows aka kwafo. Buga `sudo cat -A /root/.sirrin-rumbu`; idan ka ga `^M$` a ƙarshen layi, wannan harafin da ido ba ya gani ya shiga cikin kalmar sirrin. `sudo sed -i 's/\r$//' /root/.sirrin-rumbu` zai share shi. Kalmar sirri mai waƙafi kuma ba ta yiwuwa a rubuta ta kai tsaye cikin `-o`, don waƙafi ne ke raba zaɓuɓɓuka.

`mount error(112): Host is down` da `error(95)` sukan yi ƙarya. Na'urar tana nan daram, yaren SMB ne bai zo ɗaya ba. Tun 2017, daga kanel 4.13, Linux ya daina fara magana da SMB1, kuma tsofaffin akwatunan ajiya shi kaɗai suka iya. Gwada `vers=3.0`, sannan `vers=2.1`, sannan `vers=2.0`. Idan sai `vers=1.0` ya yi, to ka gano cutar, amma kada ka bar shi a haka: ta SMB1 ne muguwar manhajar WannaCry ta bi ta shiga kwamfutocin Windows a shekarar 2017. A kunna SMB2 a na'urar, ko a sabunta ta. `error(115)` kuwa yawanci katangar tsaro ce ko adireshin da ba kowa.

A NFS, `access denied by server` yana aika ka zuwa `/etc/exports` na rumbun. Dubi layukan nan biyu:

```
/srv/takardu 192.168.1.0/24(rw,sync)
/srv/takardu 192.168.1.0/24 (rw,sync)
```

Fili ɗaya ne ya raba su. Na biyun yana ba kwamfutocin ofis damar karatu kaɗai, ya buɗe wa kowa da kowa damar rubutu. Bayan kowane gyara sai `exportfs -ra`, sannan `exportfs -v` don ganin abin da aka raba a zahiri.

Wani lokaci foldar ta ɗauru, rubutu ne ya ƙi. A cifs, root ne ya ɗaura, don haka sai ka ƙara `uid=1000,gid=1000` ko lambar da `id` ya ba ka. A NFS na yau da kullum lamba ake dubawa ba suna ba: mai lamba 1000 a nan shi ne mai lamba 1000 a can, ko da sunayensu sun bambanta. `sudo` ma ba zai cece ka ba, domin `root_squash` yana mayar da root ɗin baƙuwar kwamfuta ya zama `nobody`.

Sai wannan matakin ya yi nasara za ka kwance `/mnt/gwaji` ka wuce gaba.

Mataki na 3: systemd da `/etc/fstab`

```
rumbu:/srv/takardu  /mnt/takardu  nfs  x-systemd.automount,x-systemd.idle-timeout=300,x-systemd.mount-timeout=30,nofail  0  0
```

Daga wannan layi systemd ke ƙera sassa biyu: `mnt-takardu.automount`, mai gadin ƙofa, da `mnt-takardu.mount`, mai ɗaurawar gaske. Ba ya karanta `fstab` da kansa duk sanda ka gyara, sai ka gaya masa:

```
sudo findmnt --verify
sudo systemctl daemon-reload
sudo systemctl restart mnt-takardu.automount
findmnt /mnt/takardu
```

Ya kamata ka ga layi ɗaya mai `systemd-1` da `autofs`. Yi `ls /mnt/takardu` ka sake dubawa. Yanzu layi biyu ne, na biyun mai `nfs4`. Idan ba haka ba, `journalctl -b -u mnt-takardu.mount -u mnt-takardu.automount` zai faɗi dalili.

Ƙananan abubuwan da kan ci lokaci: fili a sunan folda a `fstab` ana rubuta shi `\040`. Idan akwai karan ɗori a sunan wurin ɗaurawa, sunan sashen yana rikiɗa, `/mnt/kayan-aiki` ya zama `mnt-kayan\x2daiki.mount`; `systemd-escape -p --suffix=mount /mnt/kayan-aiki` zai ba ka shi daidai, amma abin da ya fi sauƙi shi ne guje wa karan ɗorin tun farko. `_netdev` da ake yawan liƙawa ba ya cutarwa, sai dai nfs da cifs ba su buƙatarsa, systemd ya san na layi ne. Amfaninsa yana ga irin ext4 da ke kan iSCSI. Idan kuma ba ka sa `idle-timeout` ba, foldar ba za ta taɓa kwance kanta ba, domin a kashe yake zuwa.

Idan matsalar ba ta fitowa sai lokacin tashin kwamfuta, duba ko akwai mai jiran layi ya kankama: `systemctl is-enabled NetworkManager-wait-online.service`, ko `systemd-networkd-wait-online.service` ga masu amfani da networkd. Wanda ya dace da tsarinka shi kaɗai za ka kunna. Kunna wanda ba nasa ba ne ke sa kwamfuta ta tsaya jiran banza na minti biyu a kowane tashi.

Akwai wata da ta zama ruwan dare a inda wuta ba ta tsayawa. An dawo da wuta ko an tada janareta, kwamfutoci sun tashi cikin rabin minti, akwatin ajiya kuwa yana can yana juya faifansa. Wata manhaja ta taɓa foldar sau da yawa a jere, kowanne ya faɗi. Ƙa'idar systemd ita ce gwaji 5 cikin daƙiƙa 10, bayan nan sai ya janye hannu, ka ga `mount-start-limit-hit` a `systemctl status`. Ko rumbun ya tashi daga baya, foldar ba za ta dawo ba sai an yi:

```
sudo systemctl reset-failed mnt-takardu.mount mnt-takardu.automount
sudo systemctl start mnt-takardu.automount
```

Manhajar da ke gaggawar taɓa foldar tun da sassafe, a sa mata `RequiresMountsFor=/mnt/takardu` a sashenta don ta jira layinta. Idan kuma ana amfani da Kerberos wajen tantance shaidar shiga, a duba agogo: kwamfutar da batirin agogonta ya mutu takan tashi da tsohon kwanan wata, shi kuma Kerberos ba ya yafe saɓanin da ya wuce minti 5.

Mataki na 4: idan autofs ne

Wuri ɗaya, mai gadi ɗaya. Kada folda ta kasance a `fstab` kuma a autofs. A `/etc/auto.master`:

```
/mnt/ofis  /etc/auto.ofis  --timeout=300
```

A `/etc/auto.ofis`:

```
takardu  -fstype=nfs4,rw  rumbu:/srv/takardu
hotuna   -fstype=cifs,credentials=/root/.sirrin-rumbu,uid=1000  ://rumbu/hotuna
```

Lura da ɗigo biyun da ke gaban `//rumbu`. Ba su, layin ba zai yi aiki ba. `ls /mnt/ofis` ya nuna ba komai? Ba lalacewa ba ce, autofs ba ya nuna folda sai an kira sunanta, `ls /mnt/ofis/takardu`. Mai son ganin sunayen ya ƙara `--ghost`. Kada ka ƙirƙiri ƙananan foldojin da hannu, kuma kada ka ba autofs `/mnt` ko `/home` ɗungurungum, zai rufe duk abin da ke ciki. Fayil ɗin taswirar ya zama 644. Idan yana da izinin gudana, autofs zai ɗauke shi manhaja ya yi ƙoƙarin kunna shi. Sunan folda mai `$` a ƙarshe, irin ɓoyayyun na Windows, sai an rubuta `\$`. Fayil ɗin da aka ajiye a `/etc/auto.master.d/` kuma dole sunansa ya ƙare da `.autofs`.

Idan duk wannan daidai ne amma shiru, tsayar da shi ka kunna shi a gabanka, ka buɗe wata taga ka taɓa foldar kana kallo:

```
sudo systemctl stop autofs
sudo automount -f -v -d
```

Mataki na 5: ta ƙi kwancewa

Nan ne ake yawan gauraya cuta biyu. Ta farko, wani yana riƙe da foldar, don haka ba ta taɓa sauka. Ta biyu, tana sauka, amma wani yana sake taɓa ta nan take, sai a ga kamar ba ta sauka ba. Maganinsu daban ne, kuma rajistar tsarin ce ke raba su:

```
journalctl -f | grep -i takardu
```

Idan kana ganin `Got automount request for /mnt/takardu, triggered by` da lamba da suna a gaba, ta biyun ce, kuma systemd ya riga ya tona maka asirin mai laifin. Waɗanda aka saba kamawa su ne masu tattara sunayen fayiloli don bincike, wato Tracker na GNOME, Baloo na KDE da `updatedb`. Manhajar duba fayiloli da aka yi wa foldar alama a gefenta. Manhajojin sa ido da ke leƙa cikar faifai kowane minti. Da aikin cron da aka manta da shi. Na `updatedb`, a tabbata `nfs nfs4 cifs autofs` suna cikin `PRUNEFS` a `/etc/updatedb.conf`. Na Baloo da Tracker, a cire foldar daga wuraren da suke bi.

Idan kuwa rajistar shiru, `umount` kuma yana cewa `target is busy`, ta farkon ce:

```
sudo fuser -vm /mnt/takardu
```

Dubi harafin da ke gaban kowane suna. `c` na nufin manhajar tana tsaye a cikin foldar, `f` fayil ne a buɗe, `F` a buɗe don rubutu, `m` kuma fayil ne da aka shimfiɗa a ƙwaƙwalwa. Sau tari `c` ne: wata taga da aka yi `cd` a cikinta tun safe, ko zaman `tmux` da aka bari tun makon jiya. Har tagar da kake buga umarnin a ciki ma ka duba inda take tsaye. Mai `F` kada ka kashe shi da garaje, aiki ne bai gama ajiyewa ba. `fuser -k` yana da daɗin bugawa, amma ka tabbata foldar a ɗaure take kafin ka haɗa shi da `-m`. Idan ba a ɗaure take ba, faifan kwamfutar gaba ɗaya zai auna, ya kashe duk abin da ke kansa.

Wurin kwancewa da hannu, yi amfani da `systemctl stop mnt-takardu.mount`. Idan ka buga `umount` sau biyu, na farko ya kwance foldar, na biyu ya tsige mai gadin kansa, daga nan ba za ta sake ɗauruwa ba sai ka tada `.automount` ɗin. A autofs, `sudo pkill -USR1 automount` yana sa ya kwance duk wadda ba kowa a cikinta ba tare da jiran wa'adi ba.

Shawara kan wa'adi: kada a rage shi zuwa daƙiƙa 10 ko 20 don son tsafta. Kowace ɗaurawa sabuwar gaisuwa ce da rumbun, kuma ma'aikaci yana jin wannan jinkirin. Minti 5 zuwa 10 ya wadatar a ofis. Kwamfutar tafi-da-gidanka ce kaɗai ke amfana da minti 1 ko 2.

Mataki na 6: rumbun ya ɓace, komai ya sandare

`dmesg` zai nuna `nfs: server rumbu not responding, still trying`. Wannan ɗabi'ar `hard` ce, wadda NFS ke zuwa da ita: zai yi ta jira har rumbun ya dawo, don kada rubutu ya salwanta. A wannan hali guji `df` da `lsof` tsurarsu, su ma za su maƙale. Yi amfani da `grep takardu /proc/mounts`, `df -l`, da wannan don ganin waɗanda suka maƙale:

```
ps -eo pid,stat,cmd | awk '$2 ~ /^D/'
```

Magani mafi kyau shi ne dawo da rumbun a adireshinsa na da, aikin zai ci gaba daga inda ya tsaya. A ba shi haƙuri kaɗan: uwar garken NFS na Linux tana ware kimanin daƙiƙa 90 bayan tashi don tsofaffin baƙi su karɓi makullansu, kuma a lokacin buɗe sabon fayil yakan jira. Idan ba zai dawo ba, sai `umount -f`, in ya ƙi sai `umount -l`. Na ƙarshen yana cire foldar daga gani ne kawai. Abin da bai kai rumbun ba yana iya salwanta ke nan.

Da yawa sukan gudu zuwa `soft`. Ga foldar karatu kaɗai, `ro,soft` ba laifi. Ga wadda ake rubutu a ciki, musamman ma'ajiyar bayanai ko faifan kwamfutar kwaikwayo, `soft` yana iya barin fayil rabi da rabi ba wanda ya sani. Mai sa `timeo` kuma ya tuna ana ƙirga shi ne da kashi ɗaya bisa goma na daƙiƙa: `timeo=600` minti ɗaya ne, `timeo=30` daƙiƙa 3. `intr` da ake gani a tsofaffin misalai ba ya yin komai tun kanel 2.6.25.

`Stale file handle` wani abu ne daban. Rumbun yana nan, amma abin da kwamfutar ke riƙe da lambarsa an share shi, ko an sauya faifan da ke ƙarƙashinsa. A fita daga foldar, a kwance, a sake ɗaurawa. Idan yana dawowa bayan kowane tashin rumbun, a kafa masa `fsid=` mai lamba tsayayya a `/etc/exports`. Shi cifs a `soft` yake zuwa, kuma yakan rubuta `has not responded in 180 seconds. Reconnecting` ya sake haɗa kansa.

Mataki na 7: kashewa, barci, Wi-Fi da VPN

`A stop job is running` da ƙirgen minti 1 da daƙiƙa 30 a lokacin kashewa alama ce ta cewa layi ya yanke kafin a kwance foldar. A kan waya ba kasafai ake ganinsa ba. A Wi-Fi kuwa yakan faru idan haɗin na mutum ɗaya ne, ya mutu da zarar ya fita. A saitin NetworkManager a mayar da haɗin na duk masu amfani da kwamfutar, sannan a ajiye wannan a `/etc/NetworkManager/dispatcher.d/pre-down.d/`:

```
#!/bin/sh
systemctl stop mnt-takardu.automount mnt-takardu.mount
```

Dole ya zama mallakar root, izininsa 755, in ba haka ba NetworkManager ba zai kula shi ba. A yi masa abokin da zai tada `.automount` idan layi ya dawo, a ajiye a `dispatcher.d` kansa, yana duba ko kalma ta biyu da NetworkManager ke miƙa masa `up` ce. Iyakarsa ita ce yankewar ganganci kaɗai yake kamawa. Idan sigina ce ta ɓace ko aka fizge waya, ba za a kira shi ba, kuma a nan ne gajeren wa'adi ke rage ɓarna.

Foldar da sai ta VPN ake isa gare ta, a gaya wa systemd dangantakar a `fstab`, misali `x-systemd.requires=wg-quick@wg0.service` ga WireGuard. Da yake yana kashe abubuwa ne a juye da yadda ya tada su, zai kwance foldar kafin ya rufe VPN ɗin. Kwamfutar da ke ƙin barci, `dmesg` yana ƙorafin ya kasa daskarar da ayyuka cikin daƙiƙa 20, ita ma foldar da ta maƙale ce. Irin wancan ɗan rubutun a `/usr/lib/systemd/system-sleep/`, mai kwancewa a `pre` da tadawa a `post`, yana warware ta.

Saura tarko ɗaya da ba ya ihu. Idan foldar ba ta ɗauru ba kuma mai gadin ya faɗi, `/mnt/takardu` ya koma folda ta gida kamar kowace. Aikin ajiyar dare zai zuba komai a ciki, ya ce ya yi nasara, har faifan kwamfutar ya cika. Da rumbun ya dawo aka ɗaura a kai, fayilolin su ɓuya a ƙarƙashi, `du` bai gan su ba. Don leƙa ƙasan, `sudo mount --bind / /mnt/gwaji` sannan ka duba `/mnt/gwaji/mnt/takardu`. Don hana faruwarsa, tsayar da sassan biyu, tabbatar foldar ba komai a cikinta, ka buga `sudo chattr +i /mnt/takardu`. Ɗaurawa a kanta tana nan tana aiki, amma rubutu a cikinta tsurarta ba zai yiwu ba, ko ga root. A kan rubutun ajiyar kuma a sa `findmnt -t nfs,nfs4,cifs /mnt/takardu || exit 1` bayan an taɓa foldar da `ls`, domin `mountpoint` kaɗai zai ce eh ko da mai gadin ne kawai a wurin.